Amin Ɗin da Na Hana Kaka

Aikina na farko a duniya shi ne tsaron hannayen kakata. Kuturta ta cinye mata yatsu tun kafin a haife ni, abin da ya rage kuma ba ya jin zafi, ba ya jin sanyi. Idan aka hura wuta a tsakar gida lokacin ɗari, kusa da ita ake zaunar da ni, a ce in sa ido. Tana cikin magana sai ta miƙa hannu cikin garwashi za ta juya dankali, ni kuma in kama gwiwar hannun in jawo. Wani lokaci ina makara, sai ƙaurin fata ne zai gaya mana. Ba ta ko yamutsa fuska. Sai ta duba wurin kamar hannun wani ne, ta ce, "Rahila, kin yi barci bisa aiki."

Sunanta Saratu, amma ba shi aka raɗa mata ba. A Tungar Marke, ƙauyenmu na bakin gulbi a ƙasar Maradun, tsofaffi Tabawa suke kiranta har ta bar duniya. Tana goyon babana ciwon ya bayyana a jikinta, mijinta ya sallame ta. Ta ɗauki ɗanta ta bi wasu fatake har wani asibitin kutare na 'yan mishan can wajen Sakkwato. Ta daɗe a can ƙwarai. Da ta dawo, ciwon ya tsaya, ɗan ya zama saurayi ana kiransa Iliya, su biyun kuma sun zama Kirista. Mutane sun yi ta magana. Yayanta Malam Garba kuwa ya yanka musu fili a gefen gari, ya ba su wani ɓangare na fadamar gado. Kawu babana yake ce masa, mu ma muka bi bakinsa. Daga baya Baba ya koma can asibitin ya auro innata Lami, 'yar wasu da suka yi jinya tare da Kaka.

Gidanmu kaɗai ne na Kirista a garin. Ba mu da coci. Akwai wani mai bishara da yakan zo a keke daga Talata Mafara, amma sai a yi wata huɗu ba mu gan shi ba. Saboda haka duk abin da na sani na addini daga bakin Kaka na ji shi, ita kuwa ko baƙi ɗaya ba ta iya karantawa. Addu'arta gaisuwa ce, irin doguwar gaisuwar mutanen ƙasarmu. Da gari ya fara wayewa za ta durƙusa a ƙofar ɗakinta, mu taru a bayanta, ta haɗa dungulmin hannayenta ta soma:

"Ubangiji, ina kwana. Mun tashi lahiya, mun gode. Ba ni tambayar ka gajiya, na san ba ka gajiya. Ga mu mun taho gaisuwa."

Daga nan sai ta bi mu ɗaya bayan ɗaya da suna, Iliya, Lami, ni, ƙanena Dauda bayan an haife shi, Garba da duk gidansa, har akuyar da ke da ciki. Takan ba Allah labarin abin da ya faru jiya kamar bai sani ba. Ta rufe da sunan Yesu, mu ce amin. Da almuru kafin a ci tuwo ta sake yi, gajeriya. Ban taɓa ganin ranar da ta tsallake ba, ko da zazzaɓi, ko da ruwan sama yana dukan bayanta.

Tatsuniya kuwa bayan tuwo ce. Da an idar da sallar magariba jikokin Kawu Garba za su fara shigowa, kowa da ɗan karan dawa a hannu don a ƙara wa wuta. Ba wanda ya hana su zuwa, sai dai da ladan ya kira lisha dole su tashi. Kaka ba ta buɗe tatsuniya yadda sauran tsofaffi suke yi. Sai ta gyara zama, ta ce, "Na yi baƙuwa daga nesa." Mu ce, "A shimfiɗa mata tabarma." In ta gama kuma ta ce, "Baƙuwa ta naɗe tabarmarta," mu watse. Tana da tatsuniyoyi da yawa, na kura, na 'yan ruwa, na ɓarayin shanu. Amma akwai ɗaya da takan maimaita duk shekara, ta Yalwa maginiyar tukwane.

Wai a wani gari akwai wani babban mutum mai gida da doguwar katanga, ba wanda ya taɓa ganin fuskarsa. Shi ya haƙa rijiyar garin, shi ya ba kowa gona. Bai nemi komai a wurinsu ba sai a zo a gaishe shi safe da maraice a bakin ƙofa. A jikin ƙofar akwai 'yar taga. Duk wanda ya durƙusa ya yi gaisuwa, sai tagar ta buɗe, hannu ya fito da wani abu, ko damin gero, ko ƙwaryar nono, ko zane. Masu gaisuwa har rasa wurin durƙuso suke yi.

Wata shekara sai taga ta daina buɗewa. Aka yi kwana uku, aka yi bakwai, aka yi wata. Wasu suka ce mai gidan ya mutu, wasu suka ce ya yi ƙaura, wasu suka ce dama ba kowa a ciki, bayinsa ne suke wasa da hankalin mutane. Ɗaya bayan ɗaya suka bar zuwa, har ciyawa ta rufe hanyar. Yalwa kaɗai ta rage. Da safe ta je ta durƙusa ta gaishe shi, da maraice ta koma. Ranar nan ta gasa tukwanenta na shekara, suka fashe gaba ɗaya. Ta je ta yi gaisuwa. Kura ta ɗauke mata akuya. Ta je ta yi gaisuwa. Sai kuma gulbi ya cika ya tafi da ɗanta, shi ke nan gare ta. Washegari matan gari suka gan ta tana ratsa ciyawa, suka tare ta.

A nan Kaka takan canza murya, ta yi irin ta matan, mai kaifi: "Ke Yalwa, mi kika nema? Taga ta ruhe, ba a ba ki komi." Sai kuma ta sauke murya ƙasa, ta yi ta Yalwa: "Ba taga nike gaidawa ba, mai gidan nike gaidawa." Matan suka ce ta yaya ta san yana ciki. Ta ce, "Shirun ɗakin da babu kowa daban yake da shirun mutum mai saurare. In na durƙusa, na biyun nika ji."

Haka ta yi ta yi har ta tsufa, tana jan jiki da sanda. Wata safiya ta durƙusa, ta kasa tashi. Sai ga ƙofar gaba ɗaya ta buɗe, ba taga ba. Mai gidan ya fito da kansa ya ɗauke ta. Ya lissafa mata duk safiyar da ta zo, bai manta ko ɗaya ba. Da ya shigar da ita ciki, ga tukwanenta jere ba ko tsaga, ga ɗanta zaune a inuwa yana jiranta.

Muna son wannan ƙarshen. Amma na tuna wani maraice Hassi, jikar Kawu wadda ta girme ni da shekara biyu, ta tambaya, "To Kaka, shi mi ya hana shi buɗe tagar tun farko?"

Kaka ta dubi wuta. Ta ce, "Ban sani ba, ɗiyata. Wadda ta ba ni labarin ba ta hwaɗa mani ba."

Ina da shekara tara ko goma masu awo suka fara zuwa. Suka yi ta kafa turaku masu jan fenti a gonaki, suna leƙa wani abu mai ƙafa uku. Aka ce za a datse gulbi a Bakolori, ruwa zai tashi ya rufe garuruwa, har da namu. Tsofaffi ba su yarda ba. Suka ce gulbin da kakanninsu suka sani ba mai iya tare shi. Kaka ta sa maganar cikin gaisuwarta ta safe. "An ce ruwa na zuwa. Kai ka san inda ka aje ruwa. In ka ga dama ka bar muna gonarmu, in ba ka ga dama ba ka ba mu ƙarhin tashi." Muka ce amin.

Ruwa ya zo. Manyan motoci suka kwashe mu da tukwane da kaji da azarar ɗakunan da muka kwance, suka juye mu a wani tudu mai tsakuwa da aka ce shi ne sabon garinmu. Ba inuwa, ba rijiya kusa, ƙasar kuwa in ka sa fartanya sai ta yi ƙara. Kaburburan iyayen Kaka da Kawu suna can ƙarƙashin ruwa, da fadamar da muke samun shinkafa da albasa da dankali, da marken da aka sa wa garin sunansa. Aka ce za a ba kowa gona, aka ce za a biya diyya. Damina ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce. Babana, wanda bai taɓa cin hatsin da ba shi ya noma ba, ya koma bin motocin aikin dam yana neman lebura. Wata rana a ɗauke shi, wata rana a ce ya dawo gobe. Ya rame, ya rage magana. Da safe yana durƙusawa a bayan Kaka kamar kullum, amma amin ɗinsa ya koma can cikin maƙogwaro.

Mutanen da ke ƙasa da dam, wajen Bakura da Birnin Tudu, su ma ba su tsira ba. Katafila ta bi gonakinsu ta baje, wasu da amfani a tsaye, aka hana su shuka ana haƙa magudanan ruwa. Da abin ya ishi kowa, manoma suka haɗa kai suka tare hanyoyin da motocin aiki ke bi, suka ce ba mai wucewa sai an saurare su. Aka aiko garinmu ana neman maza. Sani, ɗan Kawu Garba, wanda suka fi shiri da babana, shi ya zo kiransa.

Inna ta tare ƙofa da Dauda a kafaɗa. Ta ce, "Baban Rahila, mu kaɗai ne a nan. In wani abu ya same ka, wa gare mu?"

Ya ce, "Ruwan da ya ci gonar Kawu shi ya ci tawa. In na zauna, gobe da wane ido zan dubi mutane?"

Kaka ba ta hana shi ba. Ta ce ya durƙusa, ta ɗora masa dungulmin hannunta a ka. Na ji abin da ta ce, kuma har yau ban manta ko kalma ɗaya ba: "Ubangiji, ga Iliya zai tahi. Shi ɗaya ka ba ni, kai ka sani. Ka tahi da shi, ka maido mani shi." Muka ce amin, ni na fi kowa ɗaga murya. Ya ɗauki gorar ruwa da ɗan ƙullin garin rogo, suka fita shi da Sani.

Kwana huɗu muna jira. A rana ta biyar da hantsi wani mutumin garinmu ya shigo ba takalmi, ba hula, rigarsa duk ƙaya. Ya ce motoci sun zo cike da masu kaki, an yi harbi, kowa ya yi ta kansa. Gari ya ruɗe da kuka tun ba a san na wa ya mutu ba. Kawu Garba ya ɗaura wa jakinsa akumari ya nufi Talata Mafara. Kwana uku yana yawo, duk inda aka ce ana ajiye mutane ya je, masu rai da matattu. Ya dawo hannu wofi. Abin da ya samu kawai shi ne wani mutumin garin Dakko da ya san su. Ya ce ya ga Iliya ya faɗi, ya ga Sani ya koma zai ɗauke shi, shi ma ya faɗi a kansa. Daga baya an loda su a mota. Inda aka kai su, babu wanda ya sani.

Kawu ya fara shigowa gidanmu kafin ya shiga nasa. Ya tsuguna a gaban ƙanwarsa ya ce, "Tabawa, sai haƙuri. Naki da nawa." Ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Sannu, Yaya. Je ka ka sha ruwa."

A gidan Kawu aka yi zaman makoki, malamai suka taru suka yi wa Sani addu'a. A namu gidan ba wanda ya san yadda ake yi, mai bishara kuma hanya ba ta biyuwa. Inna tana kwance a ɗaki, ta ƙi ci ta ƙi sha. Ni kuwa jira nake in ga abin da Kaka za ta yi da safe. Na tabbata ba za ta fito ba. Ta roƙi abu ɗaya a gabanmu duka, da suna, an hana ta.

Gari na wayewa na ji motsinta. Na leƙa, ga ta durƙushe a ƙofar ɗaki, hannaye a haɗe.

"Ubangiji, ina kwana. Mun tashi lahiya, mun gode."

Na maimaita kalmomin a raina. Mun tashi lafiya. Ta bi sunaye kamar kullum, da ta zo kan na babana ta ce, "Iliya yana wurinka, ka san inda ya kwana." Ta rufe da sunan Yesu, ta saurara. Inna tana ɗaki, Dauda bai iya magana ba. Ni kaɗai ce mai amsawa. Na yi shiru. Ta jira har jiran ya yi tsawo, sannan ta ce amin da bakinta, ta dafa bango ta tashi.

Bayan wata biyu dangin Inna suka zo suka tafi da ita da Dauda Gusau. Aka bar ni saboda Kaka ba ta iya hura wuta, ba ta iya ɗaura zane, ba ta iya ɗaukar tulu. Na yi mata duk wannan, ban taɓa barin ta da yunwa ba. Da safe in ta durƙusa nakan tsaya a bayanta don in tashe ta in ta gama. Amma amin ban ƙara ce mata ba. Kullum sai ta saurara a ƙarshen addu'a, kullum sai ta amsa wa kanta. Ba ta taɓa yi mini faɗa a kai ba, wannan kuma ya fi ƙona mini rai.

Da ɗari ya shigo a wannan shekarar, yaran gidan Kawu suka fara leƙowa bayan magariba, har da marayun Sani biyu. Itace ya yi wuya a sabon garin, da kashin shanu muke hura wuta, hayaƙi ya fi zafin yawa. Kaka ta yi musu ta kura, ta yi musu ta 'yan ruwa. Wani maraice ta ce ta yi baƙuwa daga nesa, yara suka ce a shimfiɗa mata tabarma, sai na ji ta kama sunan Yalwa. Na daure har ta kai inda gulbi ya tafi da ɗan. Da ta ce washegari Yalwa ta ratsa ciyawa za ta je gaisuwa, sai na ji bakina yana magana.

Na ce, "Mai gidan nan mugu ne."

Yara suka juyo suna kallona.

Na ce, "Yana ciki, yana ji. Ya ji lokacin da yaron ke kiran a cece shi, bai fito ba. Ya bari sai da ta tsufa ta gurgunce sannan ya buɗe. Mi za ta yi da tukwane a lokacin? Gara a ce ba kowa a gidan."

Kaka ta ce, "Bari in ƙare, Rahila."

"Ba na so. Na san ƙarshen. Ƙarya ne."

Kaka ta juya wajen wuta. Hannunta yana kusa da wuta ƙwarai, na gani, ban jawo shi ba. Hassi ce ta miƙe ta jawo. Can Kaka ta ce wa yaran, "Ku tahi gida, sanyi ya yi yawa." Ba ta ce baƙuwa ta naɗe tabarma ba. Daga wannan ranar ba a sake tatsuniya a gidanmu ba. Yara sun zo sau biyu ko uku, ta ce musu ta manta, suka bar zuwa.

Shekara huɗu muka yi haka, ni da ita. Muna hira, har dariya mukan yi wani lokaci. In na kitsa mata kai takan ba ni labarin asibitin da ta zauna. Sai dai safe da almuru akwai wannan ɗan shirun a tsakaninmu, wanda take bari ko zan cika, ni kuma in ƙi.

A damina ta biyar ta faɗi a bayan ɗaki, ɓarin jikinta ya shanye, bakinta ya karkace. Ba ta ƙara magana ba. Kwana shida tana kwance, matan gidan Kawu suna taya ni juya ta. Kowace safiya idan haske ya shigo ɗakin sai ta fara ƙoƙarin haɗa hannayenta, mai lafiyan yana laluben shanyayyen. In ta haɗa su sai ta kafe ni da ido, leɓenta yana rawa. Na san abin da take so. Na san kalmomin kamar sunana. Abin da zai ɗauke ni bai kai tsawon shan ruwa ba. Sai in tashi in ce bari in ɗora kunu. A rana ta shida ta kalle ni haka har hawaye ya gangaro ta gefen da ya shanye. Na goge mata, na gyara mata mayafi, na fita. Da azahar ta cika.

Kawu Garba da 'ya'yansa suka haƙa kabarin a gefen gari, cikin tsakuwa. Mai bishara ya iso da laka har gwiwa, ya yi abin da ya kamata. Bayan kwana kaɗan aka kai ni Gusau wurin Inna. Na shiga makaranta da girmana, na yi karatun ungozoma, na yi aure a coci da farar riga. Ina zuwa sujada ranar Lahadi kamar kowa. Amma ni da Allah gaisuwar hanya kawai muke yi, kuma a raina na riƙe Kaka da laifi. Na ɗauka mace ce da ciwo ya kashe mata jin zafi har cikin zuciya, aka kashe mata ɗa ta tashi da safe ta ce ta gode.

Sai da na haifi 'yata ta biyu na koma garin, don na ji Kawu ya tsufa ƙwarai, idonsa ya tafi. Na same shi a zaure a kan buzu. Muka gaisa doguwar gaisuwa, ya tambayi maigidana, ya tambayi Inna, ya tambayi Dauda, ya shafa kan jaririyar ya sa mata albarka. Hira ta kai mu kan Kaka. Ban san yadda aka yi ba, na gaya masa abin da ban taɓa gaya wa kowa ba, na ce ni abin da ya fi ba ni haushi shi ne ko sau ɗaya ba ta nuna abin ya dame ta ba.

Ya juyo da fuskarsa wajen muryata. Ya ce, "Wa, Tabawa?"

Na ce, "Ita."

Ya yi 'yar dariya marar daɗi. Ya ce, "Ke kina tahiya ɗibar ruwa da hantsi, ko ba haka ba? Rijiyar da nisa. To da kin ba da baya ita kuma sai ta ja jiki ta zagaya bayan duwatsun can, kusa da inda nike ɗaure jakina. Nan taka yin gaisuwa ta biyu. Rahila, ni Musulmi ne, abin da na ji ƙanwata tana hwaɗa ma Ubangiji sai da na toshe kunnuwana. Ta ce mashi ta ba shi amana ya ci. Ta ce ya ɗauke mata yatsu ta yi shiru, ya ɗauke mata miji ta yi shiru, ya ɗauke gona ta yi shiru, shi ɗan guda mi ya tsare mashi? Ta ce ya nuna mata ko ramin da anka jefa shi. Tana kuka tana bugun dutse da hannuwan nan har su yi jini, ba ta sani ba."

Na tuna raunukan. Nakan dawo daga rijiya in tarar da su, in yi mata faɗa a kan ta taɓa wuta ko wuƙa, ta ce mantuwa ce.

Na ce, "Sau nawa, Kawu?"

"Kullum. Har ta kwanta ciwo. Wata rana na kasa daurewa, na ce, Tabawa, ki ji tsoron Allah. In kin ga ya zalunce ki haka, mi ya sa kika tashi da asuba kina gaishe shi? Ta ce, Yaya, da wa zan yi hwaɗan in na bar gaishe shi? Na ce to ki bari yarinyar ta sani, tana ganin kamar dutse ce ke. Ta ce a'a. Ta ce yarinya ce, nata nauyin ya ishe ta, kada ta ji kakarta na zagin Ubangiji ta ɓace gaba ɗaya. Ta sa na yi mata alkawari ba ni hwaɗa maki tana da rai."

Na zauna a zauren nan da jaririya a cinya ina jijjiga ta.

Na daɗe ina juya tatsuniyar Yalwa bayan wannan. Da ina yarinya na ɗauka labarin lada ne, ka yi haƙuri a buɗe maka ƙofa. Da aka kashe babana na ɗauka labarin wauta ne. Yanzu ina ganin Kaka ta san abin da Yalwa take faɗa a bakin ƙofar nan bayan matan gari sun wuce, ta cire shi daga tatsuniyar don mu yara ne. Aminci a wurinta ba yarda da abin da aka yi mata ba ne. Ƙin tafiya ne. Ta ƙi ta bar Allah ya huta da ita, ta ƙi kuma ta huta da shi.

Ina yin addu'a yanzu, safe da almuru. Ba zan ce na sami amsar tambayar Hassi ba, ban samu ba, har yau kuma ba mu san inda aka binne babana ba. Idan ina da ƙara nakan kai ta da ƙarfi, a tsakar gida, 'ya'yana suna ji. Babbar ta taɓa ce mini, "Mama, haka ake yi wa Allah magana?" Na ce mata haka ake yi.

Amma ban yafe wa Kaka duka ba, ban kuma yafe wa kaina komai ba. Ta ɓoye mini abu ɗayan da zai sa in durƙusa kusa da ita. Shekara huɗu muna fushi da Ubangiji ɗaya a kan mutum ɗaya, a gida ɗaya, kowa a ɓoye. Da ta bar ni na bi ta bayan duwatsun nan ko sau ɗaya, da na ce amin har muryata ta dushe.